Sunan wa za a sa wa asibitin garinmu?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na wannan zaure, barkanmu da war haka. Shugaba ya umarce ni in sanar da ku cewa takarda ta iso mana daga sakatariyar ƙaramar hukuma, ana neman ra'ayin ƙungiyar ci gaban gari a kan shawarar da majalisar kansiloli ta kawo, ta sauya wa gine-ginen gwamnati uku suna domin karrama waɗanda suka yi wa jama'a hidima. Gine-ginen su ne asibitin garinmu da aka gama yi wa kwaskwarima, da makarantar firamare ta tsakiya, da ɗakin taro na sakatariya. An ba da shawarar a sa wa asibitin sunan tsohon shugaban ƙaramar hukuma wanda aka fara ginin a zamaninsa, makarantar kuma a sa mata sunan ɗan majalisarmu mai ci, ɗakin taron ne kawai aka bar mana mu kawo suna. Ana son amsarmu a rubuce kafin zaman majalisa na gaba. Don Allah kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin ladabi, kuma a guji kama sunan mutanen gari, tunda duk wanda ake magana a kansa yana da 'yan'uwa a cikin zauren nan.

Baba Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, Malam Sakatare. Ni ba na ƙin a karrama mutum da gini, amma ina roƙon 'yan majalisa su duba abin da ya faru da sunayen da aka riga aka sa a birnin Kano kafin su kira mai fenti. Babban asibitin cikin birni sunan Janar Murtala Muhammad aka sa masa, wanda aka kashe a Fabrairun 1976, kuma yau ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, in ta taso daga ƙauye da mara lafiya, asibitin Murtala za ta ce wa direba. Asibitin koyarwa kuwa jama'a gajarta sunan ma suka yi, suna cewa asibitin Malam, kowa kuma ya san Malam Aminu Kano ake nufi, mutumin da ya rasu a 1983 bai taɓa zama gwamna ba.

To amma ku je asibitin Nasarawa. A takarda sunan Kanar Muhammadu Abdullahi Wase aka sa masa, kantoman sojan da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1996 yana kan mulkin Kano, sai dai har gobe asibitin Nasarawa ake cewa. Kasuwar Sabon Gari ma sunan Muhammadu Abubakar Rimi ne a ƙofarta, kuma babu mai musun cewa talakawan tsohuwar jihar Kano sun ƙaunaci Rimi, ballantana mu malaman makaranta da muka ga yaƙi da jahilcin da gwamnatinsa ta yi tsakanin 1979 da 1983, ga soke haraji da jangali. Duk da haka, in ka ce wa ɗan adaidaita ya kai ka kasuwar Rimi, wata kasuwar daban zai kai ka a cikin birni. Abin da na fahimta shi ne, wurin da ya riga ya yi suna a bakin mutane da wuya allo ya kawar da wannan sunan, ko da kuwa wanda aka karrama ɗin abin so ne, balle a ce jama'a na ganin cusa musu shi aka yi. Audu Bako ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar ruwa ta Tiga, ba sunansa ake kiranta da shi ba, amma ku tambayi manomin shinkafa a Kura ko Kadawa wa ya kawo masa ruwan noman rani.

Honarabul Kansila:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tunda ina cikin waɗanda suka zauna aka kawo wannan shawara, ya zama dole in yi bayani. Mu Hausawa muna da wata ɗabi'a, ba ma yabon mutum sai ranar da aka ɗauki gawarsa, sannan kowa ya tuna alherinsa, alhali shi ba ya ji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Kafin zuwan tsohon shugaban nan, ɗaki biyu ne kacal a asibitinmu, mace mai naƙuda sai an ɗauke ta a amalanke zuwa bakin titi a jira mota. Shi ya tsaya aka sa aikin a kasafin kuɗi, ya kuma tsaya ɗan kwangila bai gudu ba, abin da kowa ya san ba kasafai ake samu ba. In aka karrama shi yana raye, wanda ke kan kujera yanzu da wanda zai zo gobe za su ga cewa aiki yana da sakayya tun a duniya.

Kuma ba mu muka fara ba. Maƙwabtanmu na Jigawa sun kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, a ƙarshen 2014 aka sa mata sunan Sule Lamido yana kan kujerar gwamna, mulki ya koma hannun wata jam'iyya a 2015, amma har yau sunan yana nan, domin kowa ya san shi ya gina ta. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil an sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, shi ma da ransa da lafiyarsa. Babban asibitin Dutse sunan Kanar Rasheed Shekoni ne a kansa, baƙo ne da aikin soja ya kawo shi. Ta fuskar doka kuma, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon raɗa suna, saboda haka ba shisshigi muka yi ba.

Alhaji Akawu:
Honarabul, a yi mini afuwa in ɗan gyara magana ta ƙarshe, tunda a ofishin nan na yi aiki har na yi ritaya. Abin da jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa a cikin ayyukan ƙaramar hukuma shi ne raɗa wa hanyoyi da tituna suna da kuma sa wa gidaje lamba. Makarantar firamare kuwa rajistarta tana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, asibitin kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko, saboda haka iyakar abin da majalisarku za ta iya shi ne ta rubuta shawara ta tura sama. Ɗakin taron ne kaɗai nata na kanta, shi ne kuma aka ce an bar mana. Wannan ya kamata zaure ya sani kafin a yi ta ɗaga jijiyar wuya.

Sai batun abin da ke biyo bayan sauya suna, wanda masu yanka kyalle ba sa tsayawa su gani. Allo shi ne mafi sauƙi. Akwai hatimin hedimasta, akwai takardun shaidar kammala firamare, akwai rajistar ɗalibai da ake turawa jiha duk shekara, akwai asusun banki na kwamitin kula da makaranta, wanda in sunan da ke takarda ya saɓa da na banki sai kuɗi su maƙale. A asibiti akwai katin awon ciki da katin rigakafin yara da sunan da ake aiko da magani da shi. Sannan ku tuna rumfunan zaɓe biyu na tsakiyar gari da sunan makarantar nan aka yi musu rajista, shi ne kuma a jikin katin zaɓen mutanen unguwar. A ce rumfar da za a je a zaɓi ɗan majalisa ko a kayar da shi, sunansa ne a saman ƙofarta, ni dai a ganina ko shi kansa bai kamata ya yarda da wannan ba.

Ɗalibi daga Wudil:
Iyayena, ina neman izini in sa baki ko da yake ni ne ƙarami. Mu da ke karatu a Wudil babu wanda ke kiran makarantar da dogon sunanta in ba a takarda ba, Wudil kawai muke cewa, iyayenmu ma haka. Amma misalin da ya fi dacewa da maganar Alhaji Akawu shi ne na jami'ar Northwest ta Kano. An kafa ta a 2012, da Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya rasu a 2017 aka mayar da ita sunansa, bayan an sami canjin gwamnati kuma aka dawo mata da sunanta na farko. Babu wanda ya isa ya ce Ɗanmasani bai cancanta ba, amma ga shi an jefa sunan dattijo a cikin ja-in-jar da ba shi ya haɗa ta ba, ɗaliban da suka gama a tsakanin shekarun nan kuma suna riƙe da takardar shaida mai sunan da yanzu ba shi ne a ƙofar makarantarsu ba, duk inda suka je neman aiki sai sun yi bayani. A Legas ma, da Shugaba Jonathan ya sanar a watan Mayun 2012 cewa jami'ar Legas ta koma sunan Moshood Abiola, ɗalibai fitowa titi suka yi, maganar kuma ta mutu. Sai a 2019 aka sa sunan Abiola a babban filin wasa na Abuja, babu wanda ya yi zanga-zanga, domin babu mai takardar shaidar filin wasa a cikin jakarsa. Tambayata ga Honarabul ita ce, in ɗan majalisarmu ya faɗi zaɓe, wanda ya kayar da shi zai bar allon?

Hajiya Malamar Asibiti:
Sallama gare ku baki ɗaya. Na karanta duk abin da aka rubuta, na kuma lura takardar ta ce waɗanda suka yi wa jama'a hidima, amma da aka zo lissafi sai aka lissafa masu riƙe da muƙami kawai. Ma'aikacin gwamnati ba shugaban ƙaramar hukuma ba ne kaɗai. Asibitin nan yana da suna tun kafin a haifi wasunku, matan ƙauyukan nan ne suka raɗa masa, kuma har yau in mace za ta zo awo cewa take za ta je wajen Baba Mai Allura, alhali bawan Allahn nan ya daɗe da rasuwa.

A ƙarƙashinsa na fara aiki, lokacin wurin yana sha-ka-tafi. Wata damina da amai da gudawa ya ɓarke, ɗakunan biyu suka cika, sai ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar da ke tsakar gida, ya riƙa ɗaure ledar ƙarin ruwa a jikin reshe da tsumman bandeji. Da dare fitilar ƙwai ce da tocila, ni ina haskawa shi yana neman jijiya a hannun yaron da jikinsa ya bushe. Allurai a tukunya yake tafasa su a kan risho, kananzir ɗin kuma daga aljihunsa. In gari ya waye ya hau kekensa ya shiga rugage yana roƙon Fulani su tafasa ruwan sha, yana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. An taɓa yi masa canjin wurin aiki zuwa birni, dattawan gari suka yi tattaki har sakatariya aka soke, shi kuma bai taɓa nuna ya ji haushin rasa birnin ba.

Irin waɗannan mutane ƙasar nan ba ta iya tunawa da su. A Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu aikin rigakafin shan-inna a cikin birnin Kano suna bakin aiki. A 2020 aka tabbatar cewa an kawar da cutar daga Afirka, aka yi ta tafi, manya suka karɓi yabo. Wa zai iya kawo mini sunan ɗaya daga cikin matan nan da ka? Likitar da ta tsaya ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Legas a 2014, Stella Adadevoh, cutar ta kashe ta, sai bayan shekaru aka sa wa wani titi sunanta a Abuja. Ra'ayina shi ne, in har za a taɓa sunan asibitin, to a rubuta abin da mutane suka riga suka saba faɗa.

Shugaban Direbobi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, mu shaida ne. A tasha in fasinja ya ce a sauke shi a Baba Mai Allura, ko sabon yaron mota ya san inda ake nufi. Haka abin yake a birni, Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo da Gidan Murtala da Ƙofar Ruwa muke kira, da su muke lodi. Duk sunan da aka sa wa asibitin, mu dai abin da fasinja ya faɗa shi za mu ci gaba da kira, ba don raini ba.

Malam Na'ibi:
Bismillah. Hadisin da Honarabul ya kawo ingantacce ne, kuma gode wa mai alheri yana raye abu ne da addini ya kwaɗaitar da shi. Sai dai akwai abin da ya kamata a bambance. A Madina akwai rijiyar da Sayyidina Usman ya saya da dukiyarsa ya bar wa musulmi, har yau da sunansa ake kiranta. A Makka akwai magudanar ruwan da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa ta ja wa alhazai, ita ma da sunanta ta shahara. Waɗannan mutane ne suka ɗora musu sunan saboda abin da suka fitar. Shi kuwa shugaban da ya gina asibiti da kuɗin baitulmali, amana ya sauke, ladansa na wajen Allah in ya yi da gaskiya, amma kuɗin na talakawa ne, har da na matar da ta sayar da akuya ta biya kuɗin shiga kasuwa. Ina kuma jiye wa mai rai tsoro, domin mutum ya riƙa wucewa kullum yana ganin sunansa da manyan baƙaƙe jarrabawa ce ga zuciya, kuma babu wanda ya san da me zai cika. In ana son a gode wa tsohon shugaba, a tara jama'a a yi masa addu'a a gabansa, a ba shi takardar yabo, a kafa ɗan allo a jikin bango mai cewa an gina wannan wuri a zamaninsa. Wannan gaskiya ce, ba kuma wanda zai zo ya kankare ta.

Honarabul Kansila:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na gode. Amma in dai wannan ne ma'auni, ai marigayi malamin asibiti shi ma albashi ake biyansa daga baitulmalin nan, shi ma amana ya sauke. Me ya sa tasa hidimar za ta zama abin karramawa, ta shugaba kuma ta zama aikin da aka biya shi? Ina jin tsoron kada ƙin 'yan siyasa ya sa mu yi rashin adalci. Ga ɗalibinmu kuma, tambayarka tana da nauyi, ba zan ce maka ina da tabbacin abin da wani zai yi gobe ba, amma ai na kawo maka misalin Kafin Hausa.

Baba Hedimasta:
Honarabul, tambayarka ta yi kyau, bari in amsa gwargwadon fahimtata. Albashin marigayi na zama a asibiti ne daga safe zuwa azahar, babu inda aka rubuta masa kananzir da kwana a gindin bishiya. Amma ba ma wannan ne babban bambancin ba. Bambancin shi ne wa ke yanke hukuncin. Marigayi ba shi da kansila ko ɗaya, ba ya raba taki, ba ya ba da kwangila, in an sa sunansa babu wanda zai ce tsoro ne ko kwaɗayi. Ɗan majalisa mai ci kuwa, waɗanda za su ɗaga hannu a zauren majalisarku da yawansu shi ya tsaya musu suka sami tikiti, kai ma ka sani. Ko da ya cancanta, hanyar ta ɓata abin. Kafin Hausa ta tsira ne domin jami'ar sabuwa ce fil, ba ta kai ga yin wani suna a bakin mutane ba, wannan kuwa makaranta ce da kakannin wasunku suka yi karatu a cikinta.

A Amurka hukumar da ke kula da sunayen duwatsu da koguna ba ta karɓar sunan mutum sai ya shekara 5 da rasuwa, domin a bar ƙura ta lafa a ga abin da ya rage na alherinsa. Mu ma nan gida muna da misali mai kyau a aljihunmu. Takardar naira dubu da aka fitar a 2005 hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong ne a jiki, tsofaffin gwamnonin Babban Banki, ma'aikata ne ba masu mulki ba, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya kafin a buga ta. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa kuma, Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, Kanawa ne suka yi masa laƙabin, sunan ya bi gidan fiye da shekara ɗari. Shawarata ita ce mu rubuta wa majalisa ta kafa ƙa'ida tukuna, kada a sa sunan mai rai, kada a sa sunan wanda bai shekara 5 da rasuwa ba, sannan a zo maganar wane da wane.

Malamin Gona:
Baba, da girmamawa, ni ban yarda da ɓangarorin biyu ba. Ra'ayina kada a taɓa sunan komai. Makarantar nan da asibitin nan sunan garinmu ne a kansu, kuma su ne kawai wuraren da sunan garin ke fitowa a takardun gwamnati. Yaron da ya gama firamare a nan ya tafi Zariya ko Abuja, takardarsa tana faɗin daga ina ya fito. In aka cire, me ya rage mana?

Na biyu, ana ta magana kamar Baba Mai Allura ne kaɗai ya yi wahala, Allah ya jiƙansa. Ina hedimastan farko da ya riƙa bi gida-gida yana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu, ana sakar masa karnuka? Ina ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin mutanen zauren nan? Ina malamin dabbobin da ya yi ta yawon allurar shanu a ƙafa, da maigadin da ya tsufa a ƙofar makaranta? Gine-gine uku ne, mutanen kirki kuwa sun kai ashirin, kowannensu yana da zuri'a a gari. Ranar da aka zaɓi ɗaya, gidaje goma sha tara za su ji an ce musu nasu bai kai ba. Muna zaune lafiya, kada mu sayo rigimar da za ta kai mu gaban Hakimi.

Ɗan Marigayi:
Assalamu alaikum iyayena. Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma tunda mahaifina ake ambata, shiru zai zama rashin ladabi. A madadin gidanmu ina gode wa Hajiya da Baba Hedimasta da duk wanda ya yi masa addu'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarmu abin da Hajiya ta rubuta, ta ce duk haka aka yi, har ta ƙara da cewa zannuwanta biyu ya yayyaga a waccan daminar da bandeji ya ƙare.

Sai dai akwai abin da zaure bai sani ba. Har yau ba a gama biyan haƙƙinsa na barin aiki ba. An ba da wani kaso bayan rasuwarsa, ragowar kuma kullum aka je sai a ce fayil yana sama, ko a ce a dawo da hoton magada da takardar kotu, alhali an kai su tun tuni. Tsohuwa ta gaji da hawa mota, yanzu ni ke zuwa. Ba mu ƙi a sa sunansa ba, girma ne a gare mu, amma zai yi mana nauyi a tara jama'a da makaɗa a yanka kyalle a ƙarƙashin sunansa, matarsa na zaune a layin gaba tana bin bashin guminsa. Kuma a sanina da shi, da za a tambaye shi, cewa zai yi a kawo ma'aikacin da zai riƙa kwana a asibitin, domin yanzu da an yi la'asar kwaɗo ne a ƙofa.

Hajiya Malamar Asibiti:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaishe mini da Yaya. Ban san maganar haƙƙin nan ta kai yanzu ba, kuma ya kamata ta shiga takardarmu a sakin layi na farko. Malamin Gona, na ji hujjarka, amma ba cire sunan gari nake nema ba, ana iya haɗa biyun a allo ɗaya kamar yadda aka yi wa kwalejin noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta. Tunda kuma ka ambaci ungozoma, ga ɗakin taro nan da aka bar mana. A birni akwai asibitin yara na Hasiya Bayero da makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi, a Zariya akwai asibitin Gambo Sawaba, amma a duk faɗin ƙaramar hukumarmu babu ko rumfa ɗaya mai sunan mace.

Malamin Gona:
Hajiya, ungozoma ba ta taɓa shiga ɗakin taron nan ba har ta koma ga Allah, sai dai ɗakin haihuwa. In za a yi, ɗakin haihuwar ya fi dacewa da ita. Amma ni ina nan a kan bakana, kuma ina roƙon Sakatare ya rubuta a takardar cewa akwai waɗanda suka ce a bar komai yadda yake.

Honarabul Kansila:
Maganar haƙƙin marigayi zan ɗauke ta da kaina in kai gaban shugaba, wannan ba ta buƙatar jiran zaman majalisa. Batun ƙa'idar da Baba ya kawo kuma zan gabatar, amma ina gaya wa zaure gaskiya, an riga an sanar da mutanen biyu cewa za a karrama su, janyewa yanzu ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni ƙuri'a ɗaya gare ni. In ƙungiya na son maganarta ta yi nauyi, a sami sa hannun Dagaci da Liman da shugabar mata a jikin takardar, a kuma aika kwafi ga hukumomin jiha biyun da Alhaji Akawu ya ambata.

Alhaji Akawu:
Zan tsara takardar in Shugaba ya amince, Baba Hedimasta ya duba mini ita. Malam Sakatare, a tambayi Shugaba ko za a iya zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, domin waɗanda ba sa cikin zauren nan su ma a ji ta bakinsu, musamman dattawan unguwar makaranta. Kai kuma ɗana, ka zo mini gida gobe da yamma da lambar fayil ɗin da takardar kama aikin mahaifinka da ta kotun, in ga a wane tebur abin ya tsaya.